Rakiya a Rabin Kuɗi

Uwata ba ta yi mini magana sai a cikin danfo, motar hayar nan ta Legas. Ba faɗa muke yi ba. Ni ce 'yar farinta, ita kuma ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu, duk da a Agege aka haife ta, a Agege ta yi aure, Yarabanci a bakinta kamar ruwa. Sunana bai taɓa fitowa daga bakinta ba. In da ni take, "Ke". In labarina take ba wani, "waccan". Ni kuma Yaya nake ce mata, don haka na taso na ji ƙannenta suna kiranta, babu wanda ya gyara mini. Kakata Iya ce ta goya ni, a ɗakinta nake kwana. In Yaya tana so in ci abinci sai ta dubi Iya ta ce, "A ce mata tuwo zai huce." Ina zaune a gabanta fa.

Na sha faɗa cewa wannan abu shirme ne. Iya ta ce bakina ne zai kai ni inda ƙafata ba ta shirya zuwa ba. Na ce to ya kai ni.

Amma a danfo abin daban ne. Yaya kayan miya take sayarwa a ƙofar gida, tattasai da attaruhu da albasa, a kasuwar Mile 12 take sarowa. Da na gama sakandare ni nake binta in ɗauko kaya. A danfo babu wanda yake kallon wani. Kafaɗa manne da kafaɗa, gwiwa ta tokare ƙarfen benci, inji na ruri, kwandasta na rigima da wani a kan canji. Sai Yaya ta juya fuska ga taga ta fara magana, kamar da titi take yi. A danfo na ji yadda babana ya rasu, da abin da ya ce a asibiti. A danfo ta koya mini abin da uwa ke koya wa 'yarta in ta girma, tana kallon masu tallan ruwan leda. A danfo ta ce, "An ce takardar nan taki ta yi kyau." Shi ke nan yabon, kuma ya ishe ni. Da kwandasta ya ce Agege sai ta rufe baki, ta gyara mayafi, na koma Ke.

Ni ba na iya jira. Layin famfo ma faɗa nake yi. Amma in da Yaya muke, ni kaɗai ce a Legas nake roƙon Allah gosulo, cunkoson motoci, ya daɗe. Ban taɓa gaya wa kowa ba. A gida kuwa ni ce kan gaba wajen zagin gosulo, don kada a gane.

Layin dogo ya tsaga unguwarmu tun kafin a haifi Iya. Tsohon jirgin da ke tasowa daga Iddo mun san shi, mutane har a kan rufi. Sabon da aka kawo shi ne baƙo, fes da shi, tagogin gilashi, an ce ciki sanyi kamar banki. Muna tsayawa mu kalle shi yana wucewa. Kawu, ƙanin Yaya, yana da teburin caja da murfin waya kusa da tashar, shi ke kawo mana rahoto.

"Kujeru ne suke zuwa Ikeja su dawo," in ji shi. "Kujeru da direba. Wa zai biya kuɗin da ya fi na danfo, kuma sai ya sayi kati tukuna? Don sanyi? In sanyi nake so na je masallacin Alhazai in kwanta."

Ana ta cewa za a ja reshen layin har cikin filin jirgin sama, kuma manyan suna so mutane su saba da hawa kafin lokacin. Mu dai ba mu saba ba. Mai zuwa filin jirgi a unguwarmu bai da yawa, mai zuwa Ikeja kuma ya san kwandastansa.

A wannan tsakanin kasuwar Yaya ta mutu. Tattasai ya yi tsadar da mata suka koma sayen na gwangwani. Wata ƙawarta da ta tafi Saudiyya aikin gida ta haɗa ta da ajan, mai kai mata aiki waje, aka yi fasfo, aka yi gwajin jini, aka ce shekara biyu. Duk a bakin Iya na ji. Ban ji komai a raina ba. Na ce to. Na tambaya wa zai riƙa zuwa Mile 12, aka ce ni, na sake cewa to.

Ana saura 'yan kwanaki, da yamma, Yaya na fifita gawayi ta ba ni baya, babu kowa a tsakar gida sai ni ina wanke-wanke. Sai na ji ta ce, cikin tukunya:

"Ke. Ranar tafiya, a mota, akwai magana."

Ban san yadda ake amsa mata a gida ba. Na ci gaba da cuɗa kwanon da na riga na wanke.

Yadda muke rakiya a unguwarmu sananne ne. In mutum zai yi tafiya mai nisa, gida duka da maƙwabta a raka shi bakin titi. A nan ake yafe-yafe, a yi kuka, a ba da saƙo. Daga nan kowa ya koma, sai mai ɗaukar jaka kaɗai ya wuce da matafiyi. Ba rashin so ba ne. Zuwa filin jirgi da dawowa mota nawa ce, ga wuni guda a gosulo, wa zai biya wa mutum goma? Tsadar ce take tace mutane, kuma babu wanda ake zargi. Mai ɗaukar jakar Yaya kuwa ni ce, babu ma wanda ya tsaya tambaya. Daga Agege zuwa filin jirgi da safe, na san hanyar nan. Magana ko ta kai tsawon wa'azi za ta ƙare kafin mu isa.

Sai ga Kawu ya shigo da rana tsaka, yana sallama tun daga zaure kamar an yi masa haihuwa.

"Iya, an rage! Rabi cur! Sun gaji da jan kujeru."

"Me aka rage?"

"Kuɗin jirgin ƙasa mana. Yanzu ya fi danfo araha. Ai talla ce, na sani, irin ta mai tsire da ke yanko maka ɗanɗano. In an saba su mayar. To mu dai mu ci ɗanɗanonmu mu goge baki."

Kafin la'asar labari ya zaga gidan. Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere, mata da yawa, babu wadda ta taɓa shiga jirgin nan. Matar mai shayi ta ce ai yanzu sai a ji kunya, a ce Yaya za ta ƙasa mai tsarki a tsaya mata a bakin titi, ga jirgi kusan a banza. Wata ta ce in wance za ta je ita ma dole ta je, kada a ce. Maman telan da ke ɗakin ƙarshe, Bayarabiya, ta ce a saka da ita, tana da sabon gele, ɗankwalin nan nasu, da bai ga rana ba. Iya, wadda gwiwa ta hana ta hawa danfo tun bara, ta tambaya ko gaskiya ne akwai matakalar da ke tafiya da kanta. Kawu ya rantse akwai. Shi ke nan, rakiya ta tashi daga bakin titi ta koma Ikeja.

Kawu bai tsaya nan ba. Ya buga wa ajan waya don ya nuna shi ma ya waye. Ajan ya ce madalla, dama yana da bas da zai kwashi matan da za su tashi ranar, sai ya tsaya a ƙofar tashar Ikeja ya ɗauki Yaya. Matafiya kawai, ban da 'yan rakiya, babu wuri.

Na ce, "Mu bi danfo."

Kawu ya dube ni. "Wa? Ke? Ke da ko jiya kika ce a ƙona duk danfon Legas?"

"Na ce mu bi danfo. Ni da ita. Ku ku hau jirginku."

"Don me?"

Ba zan ce a gaban mutane uwata tana yi mini magana a mota ba. Da na faɗa, na tona mata asiri, ta zama abin tsokana har ta dawo. Na ce jirgin zai iya lalacewa a hanya. Aka yi dariya. Na ce jaka ba za ta wuce ƙofarsu ba. Kawu ya ce ya ga mai buhun garri ya wuce. Na dubi Yaya. Tana zaune tana ƙulla kuka da daddawa a leda, tana ninkawa tana sake ninkawa don kada su yi wari a jaka. Ba ta ɗago ba. Ita ma ba za ta iya cewa tana son ta keɓe da 'yar farinta ba. Abin da ya hana ni shi ya hana ta.

Ranar tafiya muka fita da sassafe, don jirgin nan safe da yamma kawai yake yi. Kamar masu zuwa suna. Leshi, turare, jan baki, yara an shafa musu mai har suna ƙyalli. Ni ce da jaka a ka, a baya.

A tashar aka fara rigima. Iya ta kwance bakin zaninta za ta biya wa kowa, don a wurinmu babba ne ke biya, ba a barin baƙo ko maƙwabci ya sa hannu a aljihu. Yarinyar da ke sayar da kati ta ce kowa da katinsa, a zuba masa kuɗi a ciki, ya ɗora a ƙofa da kansa.

"Ni ce babba a nan," in ji Iya.

"Na gani, Mama. Amma ƙofar ba ta sani ba."

"To a gaya mata."

Sai da Kawu ya shiga tsakani. Aka saya wa kowa, Iya ta biya duk da haka, tana mita wai an mayar da mutane kamar awaki, kowa da lamba. Ta ɗora nata katin, ƙofa ta buɗe, ta tsaya tana yi mata godiya har ta rufe. Aka sake. Matan suka yi ta shewa. Matakalar kuwa da gaske tana tafiya, Maman tela ta hau tana kiran sunan Yesu, matar mai shayi na bayanta tana salati, sun riƙe juna.

Ni duk ina ganin wannan kamar a talabijin ɗin maƙwabta. Ban yi dariya ba, ban ji haushi ba. Lissafi ɗaya nake: in na samu na zauna kusa da ita, ko kaɗan ne ta faɗa.

Jirgin ya zo. Ashe ba mu kaɗai muka ji an rage ba, ya cika, amma aka tashi aka ba tsofaffi wuri. Kujerun ba irin na danfo ba ne da kowa ke kallon ƙeyar na gabansa. A jikin bango suke, layi biyu, suna kallon juna. Aka zaunar da Yaya a tsakiya, Iya a dama, matar mai shayi a hagu. Ni na tsaya a gabanta riƙe da ƙarfe, jaka tsakanin ƙafafuna. Fuska da fuska. A rayuwata ban taɓa tsayawa kusa da fuskarta haka ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon takalmina.

Ga shiru. Babu inji, babu kwandasta, babu mai wa'azi, babu mai tallan maganin basir. In ka yi tari na ƙarshen tarago ya ji.

Matan suka fara. A yafe mini, Yaya, ranar nan da na zubar miki da ruwa a ƙofa. Na yafe, ni ma a yafe mini. Ki sa ni a addu'a in kin ga Ka'aba. Dabino, Yaya, mai laushin nan. Ni abaya, baƙa, ba mai duwatsu ba. Tana ta ce musu ba Makka za ta ba, gidan wasu mutane ne a wani gari, ba ta ma san ko za a bar ta ta fita ba. Babu mai ji. Duk Makka ce.

Ta taga na hango titi. Danfo rawaya jere, bamba da bamba, ko motsi ba sa yi. Gosulo mai kyau, irin wanda rabona da ganinsa an daɗe. Muka wuce shi kamar an ja labule.

Na san daga Agege tasha ta gaba ita ce Ikeja. Na ji jirgin ya fara rage gudu. Sai na buɗe baki, da muryata ta kullum, wadda ba ta san ƙasa-ƙasa ba:

"Yaya, maganar fa?"

Kowa ya juyo. Har wani mai kwat da ba ya jin Hausa ya ɗago daga wayarsa.

"Wace magana?" in ji matar mai shayi, ta gyara zama.

"Laa, ku ji mini 'yar fari," wata ta ce. "A tsakiyar mutane! 'Yan Legas dai sai a hankali."

Iya ta harare ni. "Ke wai ba ki da ta ido ne? Matsa can."

Yaya ba ta ɗago ba. Ta sa hannu ta gyara zip ɗin jakar da ke ƙafata, wanda a rufe yake. Ta ce, da takalmina take, "A riƙe jakar da kyau."

Lasifika ta ce Ikeja.

Daga nan komai da gudu aka yi. Bas na bakin titi inda aka hana tsayawa, ajan na tsaye waya a kunne yana yi mana hannu, wasu mata a ciki da hijabi iri ɗaya suna leƙe. "Hajiya, sauri, za a kama mu!" in ji ajan. Yaya ta durƙusa gaban Iya, Iya ta dafa kanta tana karanto abin da ban ji ba. Matan suka rufe ta da runguma. Kawu ya ɗauki hoto. Yaron mota ya fizge jakar daga kaina ya cusa a baya.

Da ta zo wucewa ta gabana ta tsaya. Idonta na kan bas. Ta kamo hannuna, ta danna mini katinta na jirgi a tafi, ta rufe yatsuna a kai da nata. Hannunta da sanyi, na na'urar jirgin.

"Ke. Akwai saura a ciki."

Ta shiga. Ta zauna ta ɓangaren da ba ma ganinta. Bas ya tafi.

Matan suka share hawaye, sai wata ta ce tunda an fito kuma araha ne, me zai hana a wuce har Oyingbo a ga ƙarshen layin a dawo? Aka ce wallahi kuwa. Iya ma ta ce gwiwarta lafiya lau. Kawu ya ce in zo mu tafi. Na ce su je. Ya ce wai fushi nake don an yi mini dariya. Na ce e.

Na tsallaka na hau danfon Agege. Na samu gefen taga. Kusa da ni wani mutum ne rungume da batirin mota, yana gyangyaɗi. Gosulon nan da na hango yana nan yana jirana, muka shiga cikinsa muka tsaya. Na jira kuka ya zo, don na ga ya kamata. Bai zo ba. Na sayi ruwan leda na sha. Na kalli wani yana wanke gilashin motar da mai ita ke ce masa kada ya wanke. Jirage suna ta tashi ta saman kanmu, ban san ko nata yana ciki ba, ban kuma tsaya zaɓen ɗaya ba. Ban taɓa daɗewa a hanyar nan kamar ranar ba. Kwandasta ya riƙe mini canji, na bar masa. Da na shiga gida na tarar 'yan Oyingbo sun riga ni dawowa, har sun tuɓe leshi.

Yaya tana aiko saƙon murya ranar Juma'a, a wayar Iya. Iya ba ta iya saurare a kunne ba, sai ta ƙure ƙara a tsakar gida kowa ya ji. Tana gaida mutane ɗaki-ɗaki, har Maman tela da Yarabanci. A ƙarshe ta ce a gaida yara. Ina cikin yara. Sau ɗaya na tura mata ta wayata, na ce, Yaya ni ce, maganar nan. Na ga alamar ta saurara. Juma'ar da ta biyo ta ce wa Iya, "A ce mata ta daina sayen albasa a wurin na bakin gada, yana jiƙa ta."

Na tambayi Iya ko ta san maganar. Ta ce ita ina za ta sani, ba a mota aka ce ba? Na yi ta zato da farko. Ko karatu ne, ko wani abu game da babana da ba ta ƙarasa ba, ko inda ta ajiye wani abu. Ko ba komai ba ne, irin su ki kula da Iya. Daga baya na daina. Ina zuwa Mile 12, ina dawowa, ina kasa tattasai.

Ba a daɗe ba aka mayar da kuɗin jirgin. Kawu ya yi ta yawo yana cewa ai ya faɗa, mai tsire ya gama rabon ɗanɗano. Matan gidanmu babu wadda ta sake hawa. Wai yanzu ana shawarar a sake ragewa, wasu na cewa a rage wa 'yan safe kawai, wasu na cewa sai an kai layin filin jirgi tukuna za a san farashin gaskiya. A teburin Kawu kullum ana yanke musu kuɗin da ya dace, kowa da nasa.

Wata rana na dawo ta wajen tashar, sai na hau sama na ɗora katin Yaya a ƙofa. Ta yi ja, ta ƙi buɗewa. Yarinyar da ke sayar da kati ta duba ta ce sauran da ke ciki a da yana kai mutum Ikeja, yanzu bai kai ba, in ƙara kaɗan. Na ce a'a. Ta ce to me na zo yi? Na ce dubawa. Na mayar da shi bayan murfin wayata na sauko.

Na riga na gaya wa Kawu, ranar da za ta dawo ni kaɗai zan ɗauko ta, kuma a danfo, kada wanda ya sa leshi. Ya ce kafin nan jirgi ya kai har ƙofar filin, ƙila ma kyauta za su yi a farko don a saba, unguwa duka za ta je tarba.

In na bi ta Ikeja ina duba wajen da aka ce reshen zai bi. Har yanzu masu gyaran taya ne a wurin, da wata mai soya doya. Ko bulo ɗaya ba a ajiye ba.